Tsohuwar Motar Lodi: A Gyara Ta Ko A Rabu Da Ita?

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam ran Lahadi da sassafe, ranar da kasuwar Mai'adua ke ci, da wuya ya kai bai ga wata motar lodi tsaye a gefen titi ba. An karyo ganye an jera a bayanta don kada wata ta auka mata. Direba yana kwance a ƙarƙashi, ba a ganin kome nasa sai ƙafafu. Karen mota ya hau babur ya koma gari neman bakanike. Masu kaya kuwa suna zaune bisa buhunansu sun yi tagumi, rana tana hawa, kasuwa tana ci ba su. In tumaki ne a ciki, kafin azahar sun galabaita, dillali ya gan su ya rage musu kuɗi.

Mai motar yana gida bai sani ba tukuna. An jima za a buga masa waya a ce ya aiko da kuɗi, wannan kuwa shi ne karo na uku ko na huɗu tun da aka yi sharar gona. Galibi ba wani babban attajiri ba ne. Manomi ne da ya sami albarkar wake ko riɗi shekara biyu uku a jere, ko falke mai sayen hatsi a ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu yana kai wa Dawanau, ko ma'aikaci da ya bar aiki ya zuba kuɗin sallamarsa cikin Kanta guda ko a-kori-kura. Motar nan ita ce rabin dukiyarsa, wani ma ita ce dukanta. Ita ke kai taki gona da bazara, ita ke kwaso dammunan gero da kaka, da rani ta ɗauko tumatir da albasa daga wajen manoman Sabke da Daberam. Ran da ta kwanta ba shi kaɗai ya kwanta ba, har da direba da yaron mota da 'yan dako, da maƙwabtan da suka dogara gare ta.

In ya fita majalisa da magariba, shawara ba ta yin wuya. Wani ya ce, "Alhaji, rabu da akwalar nan tun ba ta cinye ka ba." Wani ya ce, "Kul, da tsohuwar zuma a ke magani, ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne." Dukansu biyu da gaskiyarsu, amma ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin motar a cikinsu, ba kuma wanda zai biya kuɗin in shawarar ta ɓaci.

Da farko dai ya kamata a san cewa kalmar nan "sabuwa" ta sāke ma'ana. A zamanin gyaɗa, sa'ad da a ke ɗibar buhuna daga ƙasar Daura ana kai wa Kano ana dala da su, Bedford mai bodin katako ita ce sarauniyar hanya, tun 1959 kuwa a Apapa a ke haɗa ta. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta sa hannu aka kakkafa ma'aikatun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna wadda ta soma aiki a 1975, da Fiat a Kano, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu wadda ta soma a 1980. A wancan lokaci mai hali yakan gaji da motarsa ya je ya ɗauko wata dal, ba wanda ya taɓa tuƙa ta. Daga 1986, da aka karya darajar naira, wannan ya wuce. Sabuwar mota ta koma ta gwamnati da manyan kamfanoni, sauran jama'a suka koma kan 'yar Kwatano. Saboda haka in manomin Daura ya ce zai sāke mota, abin da ya ke nufi shi ne zai ba da tsohuwarsa wadda ya san ciwonta, ya karɓo tsohuwar wani wadda bai san nata ba.

Sa'an nan ga tsada. A watan Janairu na 2022 litar man gas ba ta kai naira 300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 700. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta wuce 1,000 a watan Oktoba na 2024. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon Yuni na 2023 ta haura 1,500 a Fabrairu na 2024. To, mota da kayan gyaranta duk da dala a ke shigo da su. Wannan ya taɓa ɓangaren biyu gaba ɗaya: gyara ya yi tsada, saye ya fi shi. Wanda ya sayar da motarsa yana tsammanin zai cika 'yan kuɗi kaɗan ya ɗauko wata, sau da yawa yakan tarar kuɗin da ke hannunsa ba su kai rabin farashi ba.

Abin da ya fi ga yawancin masu motar lodi na ƙasar Daura shi ne gyara, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya zama ƙashin bayan motar lafiya lau ya ke. Na biyu, a yi gyaran sau ɗaya a gama, ba ɗinkin tsumma ba. In ɗayan biyun nan ya kāsa samuwa, kowace naira aka zuba mata an zuba ta cikin rairayi.

Ƙashin bayan mota shi ne shasi, watau dogayen ƙarafan nan biyu na ƙarƙashi waɗanda inji da bodi da sifirin ke zaune a kansu. Mutane sukan tsaya sauraron kukan inji, alhali inji ana sauke shi a sa wani cikin kwana biyu. Shasi ne ba a sākewa, domin in an sāke shi an sāke mota. Ƙasar Daura busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe a nan kamar yadda ta ke yi a bakin teku, ko a Turai inda a ke watsa gishiri a hanya saboda ƙanƙara. Abin da ke kashe shasi a nan lodi ne da ramuka. Lambar nan 911 da ke jikin tsohuwar Mercedes ba ado ba ce. Tara ɗin tana nufin nauyin motar da kayanta duka kimanin tan 9, sha ɗayan kuwa ƙarfin injin ne, doki 110. Watau maƙeranta sun rubuta iyakarta a jikinta, amma sai a ƙara mata sifirin, a ƙara tsawon katako, a labta mata ninkin wannan, mutane kuma su hau bisa. Sifirin da aka ƙara yakan hana bodi zama kan taya, amma bai ƙara wa shasi ko birki ƙarfi ko kaɗan ba.

Don haka kafin a yi zancen kuɗi, a wanke ƙarƙashin motar sarai, a hau da ita kan rami, mai ita da kansa ya cire babbar riga ya shiga da tocila. A duba bayan kan motar, da wuraren da sifirin ke rataye, can tsaguwa ke somawa. In wuri guda ne ya tsage, ƙwararren mai walda yana iya ɗaure shi da farantin ƙarfe ya daɗe. In kuwa an tarar da walda bisa walda, an liƙe nan ya ɓalle can, ƙarfen ya gaji, ba mai mayar masa da ƙuruciya. A kuma sa wani ya bi ta a baya bisa babur ya duba tafiyarta. Motar da ke tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya gefe guda ko an daidaita ƙafafunta, shasinta ya murɗe. Irin wannan ba a yi mata shawara biyu.

Ciwon inji kuwa ba ya ɓoyuwa, yakan faɗi kansa ta bakin salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce injin yana shan baƙin mai, ringi sun cinye. Baƙin hayaƙi mai kauri, mai ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sau da yawa nozul ne ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, wannan kuwa ƙaramin aiki ne, kada a bari a sauke inji dominsa. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ga lagireto yana shanye ruwa, ga baƙin mai ya koma kamar kunu da madara, ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, a nemi gasket da saman injin. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga can ƙasa ita ce mai ban tsoro. Wanda ya ji ta ya kashe motar nan take. In ya ce bari ya ƙarasa Kazaure tukuna, zai iya mai da aikin da za a yi da kuɗin tunkiya ya koma na sa. Duk waɗannan suna da magani. Ana sāke fistin da ringi, a kai karanshaf Kano a daidaita shi, ko kuwa a je Ƙofar Ruwa a sayo inji ɗan Baljiyam sukutum. Wanda zai sayi irin wannan ya tafi da bakanikensa, a tashi injin a gabansa, a kuma rubuta yawan kwanakin da aka yarda ya mayar in bai yi ba. Injin da aka saya ba a ji kukansa ba, sayen kifi a ruwa ne.

Akwai kuma tambayar da ta kan yanke magana tun ba a je ko'ina ba: ana samun kayan motar? Kamfanin Bedford ya bar ƙera manyan motoci a Ingila tun cikin shekarun 1980. Peugeot 404 da 504 masu bodi sun yi wa manoma aiki ƙwarai, amma an daɗe da daina haɗa su a Kaduna, kayansu na ainihi kullum sai ƙara wuya su ke yi. Motar da in boris ɗinta ya fashe sai an aika Kano an yi mako ana cigiya, ta gama zamaninta, ko da shasinta garau ne. Wadda kuwa a ke samun kayanta a shagunan Daura ko Katsina, kowane bakanike ya san cikinta kamar tafin hannunsa, tana da daraja fiye da yadda fuskarta ta nuna.

Yanzu sai sharaɗi na biyu, inda yawancin masu mota ke faɗuwa. Zancen da a ke yi a gareji kusan iri ɗaya ne kullum.

"Alhaji, injin nan fa sai an sauke shi."

"Haba Malam, lallaɓa mini ita dai ta yi kasuwar Lahadin nan. In Allah ya kai mu makon gobe sai a duba."

"To, Alhaji, yadda ka ce."

Sai a ɗaure da waya, a zuba baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙara, a sa wani ƙarfe na jabu mai araha. Ta yi Lahadi ɗaya, ta yi biyu, ran ta uku ta tsaya tsakanin Daura da Kongolam. Makon goben nan ba ya zuwa. In aka tara abin da aka kashe a lallaɓe-lallaɓen shekara guda, da kuɗin janwe, da na kai bakanike daji ya dawo, sau da yawa ya isa a yi babban gyaran tun farko. Kanikawa ma ba a wanke su duka ba. Akwai wanda zai karɓi kuɗin kaya na ainihi ya sa jabu, akwai wanda bai san ciwon ba amma kunya ta hana shi faɗi, ya yi ta kwancewa yana ɗaurewa, gyaran gangar Abzinawa. Maganin wannan shi ne mai mota ya je sayen kayan da kansa tare da bakaniken, a kuma mayar masa da tsofaffin da aka cire ya gani da idonsa.

Tun da ya ke naira ba ta zama wuri ɗaya, gara a yi lissafin da buhun gero, wanda kowane manomi ya san nauyinsa. Misali ne kawai, kowa ya cire waɗannan adadi ya sa nasa. A ƙaddara tsohuwar motar in an sayar da ita yadda ta ke za ta yi kuɗin buhu 60. Babban gyara zai ci buhu 40, ta ƙara shekara 3 tana aiki, sa'an nan a sayar da ita buhu 30. Abin da ta ci ke nan 40 na gyara da 30 na faɗuwar daraja, 70 cikin shekara 3, watau buhu 23 da ɗoriya kowace shekara. A ƙaddara kuma wadda za a sayo buhu 240 ce, a kashe mata 20 wajen taya da batir da takardu, ta yi shekara 8, a sayar da ita buhu 60. Ta ci 200 cikin shekara 8, buhu 25 ke nan a shekara. Ashe ba wata tazara tsakaninsu. Bambancin yana wani wuri dabam. Mai gyara buhu 40 zai nema yau. Mai saye kuwa, ko bayan ya sayar da tsohuwar, sai ya nemo 200. Ragowar 160 ɗin nan, da an bar su a hannun falke ya sayi wake da kaka ya ajiye, ko ya ɗaure raguna don Babbar Salla, da sun haifi wani abu.

Amma lissafin bai ƙare ba, domin akwai abin da ba a rubuta shi a takardar bakanike, shi ne kwanakin da mota ta yi a kwance. Kwana ɗaya na watan Nuwamba, sa'ad da wake da dawa da riɗi ke fitowa, ya fi mako guda na damina. In motar tana kawo ribar buhu guda a rana da kaka, ta kwanta kwana 20, an ƙara 20 bisa 23 ɗin nan, sun zama 43, saye ya fi gyara nesa ba kusa ba. In gyaran na gaskiya ne ta kwanta kwana 4 ko 5 kaɗai, gyara ya ci. Haka kuma mai. A cika tanki, a je Dawanau a dawo, a sāke cikawa a ga lita nawa ta sha, a kwatanta da ta maƙwabci mai irinta. Da can da mai ke araha ba wanda ya damu da wannan. Tun daga 2022 motar da ke shan mai fiye da ƙima tana cin ribarta tun kafin ta kai kasuwa. Ban da wannan ga abokan ciniki. Mai tumatir ɗin da kwandunansa suka ruɓe a hanya sau ɗaya ba ya sāke kiran wannan direba, kuma zai gaya wa goma.

Wanda lissafi ya nuna masa saye, to, ya sayi wadda ƙasarsa za ta iya riƙewa. Motocin da aka ƙera a Turai cikin shekarun baya-bayan nan kwamfuta ke sarrafa injinsu. Suna da ƙarfi, ba su shan mai da yawa, amma suna son mai tsarkakakke. Man jarka na 'yan bumburutu, mai ruwa da ƙasa a ciki, yana iya kashe nozul ɗinsu cikin ɗan lokaci, kuɗin nozul ɗin kuwa ba na wasa ba ne. In ta tsaya a wani ƙauye can bayan Baure, ba a gyara ta da sifana da guduma, sai an ɗauko mai na'urar bincike daga birni. An sayar da kare an sayi biri ke nan. An aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura a watan Disamba na 2019, da ma a ce cikin abin da za ta amfani garin har da koya wa 'ya'yan kanikawa sirrin irin waɗannan injuna, domin su ne za su cika hanya nan gaba, ko ana so ko ba a so.

Takardu ma abin lura ne ga mutanen bakin iyaka. Tun 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Motar da aka tallata da araha ba ta da takardar kwastan ta gaskiya, ran da aka tsai da ita a shinge ta tafi ke nan, da ita da kuɗin. A duba lambar da aka buga a jikin shasi, a ga ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi.

Bashi kuwa shi ne babban rami. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma bisa wannan su ke ɗora nasu. Akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya soma aiki a 2012, su saya su sayar wa mutum da riba ya biya a hankali. Amma ko wane iri ne, wata in ya ƙare sai an biya, ko mota ta yi lodi ko ba ta yi ba. Mutanen ƙasar Daura sun ga yadda aiki ke yankewa ba da laifin kowa a cikinsu ba. An rufe iyaka daga Agusta na 2019 har Disamba na 2020. An sāke rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda motarsa tsohuwa ce ba bashi a kanta ya jingine ta ƙarƙashin dalbejiya ya jira. Wanda ya ci bashi yana dogara ga lodin Kongolam ko Babban Mutum, shi ya san abin da ya gani.

Abu guda ne ba ya shiga wannan ciniki na gyara ko saye, shi ne birki da sitiyari da taya. Injin da ya mutu asarar kuɗi ce. Birkin da ya ƙwace a bakin kasuwa, ga mata da yara a gefen hanya, ga mutum goma sha bisa buhuna, ba kuɗin da ke biyan wannan. Mai motar da ya san sai an taka birki sau uku ya ke kamawa, ya kuma bar direba ya fita da ita, kada ya ce tsautsayi ne. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda aka rubuta wa 2318 an yi ta cikin mako na 23 na 2018. Tayar Baljiyam takan zo da zanenta raɗau alhali robar ta tsufa ta bushe, ta hau kwalta da zafin watan Afrilu ta fashe. In kuɗi ba su isa a gyara inji da birki tare ba, a gyara birki, motar ta zauna a gida har injin ya samu.

Akwai hanya ta uku wadda ba a son ambatonta a majalisa, watau a sayar kada a sayi wata. Falken da motarsa ke kan hanya wata goma sha biyu dole ya riƙe mota. Amma manomin da tasa ke aiki wata uku da kaka, sauran watanni tana tsaye kaji suna kwana a ƙarƙashi, batir yana mutuwa, taya tana tsattsagewa, ga lasin da inshora ana biya, ya zauna ya ƙidaya sau nawa ya yi lodi bara, ya tambayi kuɗin haya a tasha. Mai yiwuwa ne ya tarar haya ta fi masa sauƙi da yawa. Daga gona zuwa gida kuwa, cikin rairayin jigawa inda Kanta ke kafewa, har yanzu ba abin da ya kai amalanken shanu, ga taki kyauta, shanun kuma in sun tsufa sayar da su a ke yi da riba. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ma yana kai 'yan buhuna kasuwar kusa da mai kaɗan. Manoma biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi su riƙe mota guda mai lafiya, muddin an rubuta wa ke riƙe da makulli da wa ke riƙe da littafi, in ba haka ba zumunci ne zai lalace kafin motar. Abin da ke hana mutane wannan hanya ba lissafi ba ne, tsoron bakin duniya ne, kada a ce wane ya sayar da motarsa, ya karye. Masu faɗin haka ba su ke biyan bakanike ba.

Mai niyyar sayen babbar mota don dogon zango ya tuna kuma an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, an tsara ta biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi ba ya shiga gona. Duk kayan da zai ɗauka sai ƙaramar mota ta kwaso su daga ƙauye ta kai tasha, saboda haka mai Kanta ya fi mai gingimari kwanciyar rai a wannan wajen.

Lokacin gyara kuwa sananne ne, amma ba a kiyaye shi. Bayan an gama kai taki an yi noman farko da maimai, cikin Yuli da Agusta, lodi yakan yi sauƙi, gareji ba cunkoso, bakanike yana da sukunin yin aiki a natse. Nan ne a ke sauke inji. Injin da aka sa wa sabbin ringi yana bukatar a fara shi da ɗan kaya mara nauyi, a juye baƙin mai da wuri, kafin a aza masa lodin kaka. Wanda ya bari sai gero ya nuna a watan Satumba sa'an nan ya nufi gareji, ya fafe gora ranar tafiya. Wahalar ita ce watannin nan su ne kuɗi ke ƙaranci a hannun manomi, rumbu ya yi ƙasa, 'yan ƙwadago suna jira. Shi ya sa kuɗin gyaran damina tun da kaka a ke tara su. Kowane lodi aka yi, a ware wani kashi, ko da ɗaya cikin goma ne, a sa shi inda hannu ba ya kai wa da sauƙi, ko a sayi akuya da shi. Yawancin masu mota suna ɗaukar duk abin da direba ya kawo a matsayin riba, alhali wani ɓangarensa jikin motar ne ke narkewa. A sami ɗan littafi na makaranta, yaro mai karatu ya riƙa rubuta ranar da ta fita, da abin da ta kawo, da man da ta sha, da ranar da ta kwanta da dalili. Bayan shekara guda littafin nan zai ba da amsar da majalisa ba ta iya bayarwa.

Wanda ya yanke shawarar rabuwa da ita ya sayar tun tana tashi da kanta, a farkon kaka sa'ad da masu nema ke da yawa. Ya faɗi aibinta ga mai saye a gaban shaidu, a rubuta takardar ciniki, a je ofishin lasin a sāke sunan mai mota, domin in ta yi haɗari ko aka kama ta da kayan da ba su halatta ba, sunan da ke takarda a ke nema. In kuwa ta riga ta mutu murus, kada a yi gaggawar miƙa ta ga 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Giyabos da famfon mai da sifirin da lagireto, kowanne yana da mai nemansa in an sayar da shi dabam. Aksul ɗin a-kori-kura da ƙafafunta kuwa, masu walda na Daura da Mai'adua sun san yadda a ke mai da su amalanke.